Gadon ciwon suga da makunnin da ke jikinmu

Assalamu alaikum, Edita.

Ka ba ni ɗan fili in tanka wata magana da ta yi yawa a majalisunmu na Kaduna. Da zarar an auna mutum an ce suga ya hau, sai ka ji ya ce, "Ai gado ne, Baba ma da shi ya rasu," ya naɗe hannu. Shekaranjiya yayana ya faɗa mini haka a Tudun Wada, yana kurɓar shayi mai sukari cokali huɗu. Mutumin da ko masallacin bayan layi a babur yake zuwa!

Gado gaskiya ne, na shekara da shekaru ina koyar da shi a aji. Sai dai ƙwayoyin gado, wato umarnin da jiki ke gada daga iyaye, kowace da makunninta, jiki na kunna wasu ya rage wasu gwargwadon aikin da aka sa shi.

A cikin ƙwayoyin halittarmu, wato ƙananan tubalan da aka gina jiki da su, akwai wasu 'yan injina da ake kira mitokondiriya. Su ke ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa, su ba mu ƙarfi. Suna da nasu kundin gado daban, mai ƙwayoyi 37 kacal, kuma ta wajen uwa ake samunsa (Yaya, ka ji, wannan kam ba daga Baba ba). Sinadaran furotin 13 kawai suke iya ƙera wa kansu. Sauran, fiye da 1,000, sai umarni ya fito daga cibiyar ƙwayar halitta. Janareta ne dai, amma makullin ɗakin kayan gyaransa na aljihun maigida.

To me ke sa maigida ya buɗe ɗakin? Tun a 1967 wani likita a Amurka, John Holloszy, ya nuna cewa ɓerayen da aka saba musu da gudu suna ƙara yawan waɗannan injina a tsokarsu. A 1998 kuma aka gano sinadarin PGC-1 a ɗakin binciken wani masani, Bruce Spiegelman. Idan tsoka ta yi aiki, sinadarin nan ke kunna ƙwayoyin gadon da ke gina sababbin injina. Kuma tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin da ya shiga jini bayan an ci tuwo. A tsokar masu ciwon suga nau'i na biyu, wato wanda ya fi kama manya, an tarar waɗannan ƙwayoyin gado sun yi sanyi.

Ban ce kowa ya ajiye maganinsa ba, wannan hurumin likita ne. Roƙona, Edita, ka samo mana likitocin da za su riƙa bayyana wannan da Hausar da tsohuwa a Rigasa za ta gane, domin "a motsa jiki" kawai da ake faɗa ba ya shiga kunne in ba a faɗi dalili ba.

Yaya dai ya yi alkawarin mu taka zuwa Filin Murtala ranar Asabar bayan asuba. Na riga na karɓe makullin babur ɗin.

Naka,
Wani tsohon malamin sakandare,
Tudun Wada, Kaduna.