Sanarwa kan tafiyar Boubon da jinjiri

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyaye da ƙanne. Ina fatan kowa ya tashi lafiya.

Kamar yadda aka tsayar, ranar Asabar za mu raka ƙanwarmu mai jego yawon arba'in zuwa Boubon, wajen Inna, a kwale-kwalen gidanmu. Mu haɗu a bakin kogi kusa da gadar Kennedy da ƙarfe 7 na safe. Ba ranar Laraba muka zaɓa ba, don ranar kasuwar Boubon ce, jirage kan yi yawa a ruwa.

Yanzu lokacin cikar kogin Isa ne, ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya iso Yamai, ga kuma sanyin hunturu. Don haka kada a goya yaron a baya cikin jirgi, ko da na minti ɗaya. A riƙe shi a gaba, mai riƙon ta zauna a tsakiya sanye da rigar kariya, kuma kada a riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu muna kan ruwa. Gwaggo, na san ki da son jika, ki yi haƙuri sai mun sauka! A zo masa da hula, bargo da laima. Nono kaɗai zai sha.

Kowane magidanci ya kawo jaka 2 na mai da hayar riguna kafin Alhamis, a ba Kawu. Mutum 10 jirgin zai ɗauka; sauran su bi mota. Idan iska ta taso, mai jego da jinjiri ma mota za su shiga, ba gardama.

Allah ya raya mana shi, ya kai mu lafiya. Na gode.