Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ƙanena Da Ya Ce Ba Ruwanmu Da Alausa

Assalamu alaikum.

Ƙanena, a taron 'yan unguwarmu na Agege ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa nake ta matsa wa mutanenmu su bi diddigin abin da Majalisar Dokokin Jihar Legas, da ke unguwar Alausa a Ikeja, ke yi, su kuma shiga ƙungiyar unguwa. Ka ce mu baƙi ne, neman abinci ya kawo mu, kuma ko mun yi magana ko mun yi shiru abin da suka ga dama za su yi. Da yake a fili ka yi tambayar, ga amsata a fili.

Ban raina ɓacin ranka ba. Dokar sufuri ta 2018 ce aka dogara da ita wajen hana okada a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland a watan Yunin 2022, sannan a Satumba aka ƙara Mushin, Kosofe, Shomolu da Oshodi-Isolo. Samarinmu nawa aka ƙwace wa babur, wasu ma bashi suka ci suka saya? Na ga masu iyali sun koma gida hannu biyu, kuma har yau abin na ci mini rai. Amma ka lura, shekara huɗu ke tsakanin rubuta dokar da wannan hanin. Lokacin da ake tsara ta a Alausa yawancinmu ba mu ma san ana yi ba, sai da aka tare mu a titi muka ji.

Batun da na fi so ka tsaya a kansa shi ne haya, domin kusan dukkanmu a gidan haya muke, daga Idi-Araba zuwa Mile 12. Tun 2011 jihar nan ke da dokar haya. Ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ta wajabta masa ba ka rasit. Idan shekara-shekara kake biya, notis ɗin wata shida ne haƙƙinka, idan kuwa wata-wata ne, wata guda, kuma ko wa'adin ya cika kotu ce ke fitar da mutum. Mai gidan da ya cire maka rufi ko ya turo 'yan daba su watsar da kayanka ya aikata laifi. An cire Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA daga dokar, amma unguwannin da talakanmu ke zaune suna ciki. Babu inda ta ce sai ɗan asalin jiha za ta kare. Duk da haka ka san yadda muke yi: mutum ya ƙirga kuɗin shekara biyu ya miƙa wa ejan, a ɗora masa agirimen da kamasho, ya tafi ba ko takarda, ya ce ai amana. Ranar da aka ce ya tashi nan da mako biyu sai ya tattara matarsa da 'ya'yansa ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma wannan haƙƙi ne aka danne, kuma akwai Citizens' Mediation Centre na gwamnati da ke sulhunta irin wannan rigima kyauta.

A 2025 majalisa ta ɗauko ƙudurin sabuwar dokar haya, ya wuce karatu na biyu, aka kira zaman jin ra'ayin jama'a. Cikin abin da ya ƙunsa akwai tilasta wa ejan yin rajista da LASRERA, hukumar jiha mai sa ido kan dillancin gidaje da filaye, da rage kamashonsa zuwa kashi 5 cikin 100 na hayar shekara. Masu gidaje da dillalai suna da ƙungiyoyi da lauyoyi, ba sa wasa da irin wannan zama. Mai sayar da albasa da ke kwana su shida a ɗaki ɗaya fa, wa zai faɗi nasa? Kujera 40 ce a majalisar, kuma Mudashiru Obasa, da ya fara riƙe kujerar kakaki a 2015, mazaɓar Agege yake wakilta, inda Hausawa suka haura shekara ɗari da zama tun zamanin fataucin goro. Wanda kakansa ke kwance a maƙabartar garin nan, ban yarda ya kira kansa baƙo ba.

Ƙungiyar unguwa kuwa, wadda ake ce wa CDA, a nan ake yanke ƙarfe nawa za a rufe get, nawa kowane gida zai biya na 'yan sintiri, wane kwalbati za a fara yashewa kafin damina. Mai shayi da mai suya da dare suke ciniki. Idan aka sa rufe get ƙarfe goma ba su a wurin, wa za su kai wa kuka? Kuɗin dai muna biya ko mun je ko ba mu je ba.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Ka yi katin mazaunin jiha na LASRRA, hukumar da ke rajistar mazauna Legas, kai da iyalinka. Kada ka sake biyan haya ba rasit. Mu zaɓi yaranmu haifaffun nan, masu jin Yarbanci da Turanci, su riƙa bibiyar sanarwar majalisa, su karanta mana ƙuduri da Hausa a masallaci ko a fadar Sarkin Hausawa, mu rubuta matsayarmu mu kai da sa hannunmu. Ba kowane lokaci za a ɗauki maganarmu ba, wannan na yarda da kai. Amma ina so sunanka ya kasance cikin waɗanda za su je zaman CDA na wata mai zuwa, kuma in Allah ya kai mu zan biyo maka mu tafi tare.

Yayanka,
daga Agege.