Na janye maganar injin markaɗe

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin can, ya iyali? Shirun ya yi yawa, na san kuma za ka ce laifina ne. Na karɓa. Bari in fara da abin kunya: ka ci ni.

Ka tuna faifan Calculating Infinity na ƙungiyar mawaƙa The Dillinger Escape Plan da ka turo mini, wanda na ce injin markaɗe ne ya haɗiye cokali? Daren Juma'a aka ɗauke wuta, zafi ya hana barci, sai na toshe kunnuwa da shi. A saurare na uku na waƙar "43% Burnt" na kama kaina ina ƙirga bugun da yatsa a cinya. Ashe haukan nan da lissafinsa! Chris Pennie na dukan ganguna kamar an biyo shi da gora, sai kowa ya tsaya cak a lokaci guda, jita ta yi sanyi kamar ta 'yan jazz, kafin ka sauke numfashi Dimitri Minakakis ya dawo da ihunsa. Irin wannan tsayawa ba a yin ta da ka, sai an sha maimaici har yatsu sun yi kanta.

Kada kanka ya kumbura dai. Uwargida ta ji abin da ke fita daga kunnena, ta ce ko a kira mai ruƙiyya.

Af, mai shayinmu ya ƙara aure. Ta uku! Bashinka na nan a littafinsa, ya ce in gaishe ka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin Adam Doll, mai kaɗa musu jitar bass. Hatsarin mota ya shanye masa jiki kafin a shiga sutudiyo, dole Ben Weinman ya haɗa jitarsa da bass ɗin abokinsa. Samari ne fa daga New Jersey, a 1999, kamfanin faifai na Relapse ya fitar musu. Tun da na san haka, fushin da ke cikin faifan ya daina yi mini kama da iskanci.

Na gwada waƙar "You Suffer" ta ƙungiyar Napalm Death kamar yadda ka ce. Ba ta kai daƙiƙa 2 ba, na ɗauka wayata ce ta lalace. Wannan kam ban yafe maka ba.

Turaren da ka yi wa Hajiya alkawari, kullum sai ta tambaya.

Naka har kullum.