Zuwa ga Injiniya, kan zanen da ka aiko

Assalamu alaikum Injiniya,

Shiru-shiru, sai ga zane ya iso ko gaisuwa babu. Ya iyali? Ya ƙarfin jikin Baba?

Abu ɗaya ya hana ni sakat a zanen nan na hanyar sadarwar rediyo tsakanin hedikwata da rassa. Rassa biyar ka rataya a hasumiya ɗaya ta kan tudu, hedikwata ma ta nan take bi. Ranar da aradu ta faɗa mata, ko batir ya mutu cikin dare, kowa ya yanke. Ka ja wata hanya daga hedikwata kai tsaye zuwa reshe mafi kusa, shi kuma ka haɗa shi da maƙwabcinsa har ta koma hasumiyar, abin ya zama zobe. Ka sa rauta, na'urar da ke zaɓar wa saƙo hanya, a kowane wuri da OSPF, tsarin da rautoci ke gano hanya da kansu, in gefe guda ya faɗi saƙo ya bi ɗayan. Kada ka rufe zoben da gada zalla (haɗi kai tsaye ba rauta) ba STP, tsarin da ke hana saƙo zagaye, saƙonni za su yi ta zagaye har komai ya tsaya cak.

Na san mutuminka zai ce a yi tsarin raga, inda kowane rediyo ke miƙa wa na kusa da shi saƙo, a huta. Har yanzu yana musu da kowa? Ka gaya masa rediyo ɗaya da ke karɓa kuma yana miƙawa a tashar mita guda, kowane zango kusan rabin gudun saƙo yake ci.

Sai hanyar nan mai kilomita 20. Hango ɗaya hasumiyar da ido bai isa ba. A 5.8 GHz, yankin Fresnel, wato sararin da sigina ke bazuwa kewaye da layin da ke tsakanin hasumiyoyi biyu, a tsakiyar hanya yana kai mita 16 ta kowane gefe, kuma dole kashi 60 cikin ɗari ya zama babu abin da ya tare shi, wato kusan mita 10. Ƙara mita 6 na tudun doron ƙasa, sannan tsawon itatuwa. Ka auna su da ganyen damina, ba yadda suke da rani ba. Ƙara ƙarfin rediyo ba ya maganin gajeriyar hasumiya. Ka bar rarar sigina, wato ƙarin ƙarfi sama da mafi ƙarancin da rediyo ke buƙata, kamar 20 dB, kuma tasha mai faɗin 20 MHz ta fi mai 80 MHz jure nisa.

Af, an ce ƙanenka ya gama karatu. Allah Ya sanya alheri, ka turo shi ya koyi hawa hasumiya tunda kai tumbi ya hana.

Kebul ɗin PoE, mai kai wa rediyo wuta da saƙo tare, kada ya wuce mita 100, mai sulke za ka saya, ka ɗaure shi da wayar ƙasa sama da ƙasa. Aiko mini da tsayin tudun nan kafin ka sayi ƙarfe.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum.