Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Na'urar Gano Kifi da Sauran Al'amuran Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu sarakunan ruwa, Allah ya ƙara muku lafiya. Shugaba da 'yan kwamiti, 'yan uwa masunta da dillalan kifi, ga rahoton da ofishin sakatare ya saba kawo muku ƙarshen shekara. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta muku a babban taro, ba zan shiga gonarsa ba.

Tarukan wata-wata sun gudana a nan cikin birni, sai na watan azumi da muka ɗage. Adashe ya zagaya ba tare da rigima ba. Mun je ta'aziyyar 'yan uwan da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Sayen kalli, wato ragar kifi da ake shimfiɗawa a ruwa, da zare a dunƙule ya sauƙaƙa wa mutane farashi, kuma za mu ci gaba da shi. Rigunan kariya da aka raba kuwa, har yanzu wasu sun mai da su matashin kai a cikin kwale-kwale. Wannan magana za mu dawo mata.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne na'urar gano kifi da taron bara ya umarci kwamiti ya sayo.

Ga wanda bai gan ta ba tukuna: abu biyu ne da waya a tsakaninsu. Akwai allo da ke gaban mai tuƙi, akwai kuma wani ɗan dunƙule da ke nitse a ruwa, wanda yaranmu suka laƙaba wa suna "kunne". Kunnen nan yana aika sauti ƙasa, ya saurari amsa-kuwwar da za ta dawo. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, don haka daga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo na'urar ke lissafa zurfi. Kifi kuma jakar iskar da ke cikinsa ce ta fi tona masa asiri, domin ita ta fi mayar da sautin.

Wajen zaɓe mun sha muhawara. Matasa sun so babbar na'ura irin wadda suke gani a bidiyo, mai leƙa gefe da gefe. Kwamiti ya duba na kamfanonin Garmin da Lowrance da Humminbird, har da wata ƙwallo ta Deeper da ake jefawa da sandar ƙugiya tana aiko hoto a wayar hannu. Abin da ya raba gardama shi ne tambayar da wani dattijonmu ya yi: a wane ruwa za ku sa ta? Mu dam ɗin Tiga muke zuwa, da na Challawa, da na Wasai, da na Watari. Ba teku ba ne. Da kilohaz ake auna saurin kaɗawar sautin da kunne ke aikawa. Sauti mai kilohaz 50 na ruwa mai zurfin gaske ne, ba mu da buƙatarsa. Mai kilohaz 200 shi ya dace da mu, yana fitar da abu dalla-dalla, sai dai hangensa siriri ne: a zurfin mita 9, faɗin da yake gani a ƙasa bai wuce kamar mita 3 ba. Mai kilohaz 77 ko 83 ya fi buɗewa, ya fi kyau wajen nema. Saboda haka muka sayi ƙanana guda biyu masu iya sirirantaccen hangen da kuma buɗaɗɗen, masu GPS mai nuna inda mutum yake, da allon da ake iya karantawa a tsakar rana. Wannan na ƙarshe kada a raina shi. Mun gwada wata mai araha da ba a ganin komai a fuskarta da zarar hantsi ya dubi ludayi. Araha ba ta ado.

Saye bai ba mu wuya ba. Ɗaurawa ce ta kusa sa mu jin kunya.

Karon farko mun manna kunnen a cikin jirgi, a kan katako, don kada dutse ya fasa shi. Muka wuni a ruwa allo bai nuna komai ba sai ɗige-ɗige, har aka fara cewa an cuci ƙungiya. Ashe laifinmu ne. Wannan dabara a jirgin faiba take aiki. Katako yana shanye sautin. Dole kunne ya taɓa ruwa kai tsaye. Sai muka kai wa wani mai walda, ya haɗa mana ƙarfe mai maƙalli da ake damƙa wa gefen kwale-kwale a cire idan an tashi. Wannan ya yi mana daidai, tunda na'urar ba ta jirgi ɗaya ba ce.

Karo na biyu, a jirgi mai inji, mun sa kunnen daf da farfela. Da an ƙara wuta sai hoto ya watse, saboda kumfa iska ce, sauti kuma ba ya ratsa ta. Muka matsar da shi gefen dama, inda ruwa ke wucewa lami lafiya, muka daidaita fuskarsa ta kalli ƙasa sak. In ya karkace, zurfin da zai ba ka ƙarya ne. Wayarsa kuma mun raba ta da wayoyin inji, ragowar muka naɗe. Ina roƙon 'yan uwa, kome tsawonta kada wanda ya yanke ta.

Wuta ba matsala ba ce. Batir ne mai bolt 12, irin ƙaramin nan mai amfiya-awa 7 da ake sa wa na'urar riƙe wutar kwamfuta. Abin da na'urar ke ja bai kai rabin amfiya ba, don haka caji ɗaya yana kai mutum wuni. Mun sa fis a wayar ja, muka ajiye batirin a cikin robar fenti mai murfi.

Sai karatun allo, wanda har yau ana kan koyo. Akwai wani tsari da ke zana hoton kifi duk inda sauti ya bugi wani abu. Ranar farko murna ta cika jirgi, aka watsa birgi, ragar nan ta jifa, aka jawo reshen itace. Yanzu mun kashe wannan tsari. Kifi na gaskiya yana fitowa kamar bakan maharbi idan jirgi na tafiya a hankali ya bi ta kansa, in kuma jirgi a tsaye yake sai ya zama layi. Garken ƙananan kifi kamar gajimare yake. Ƙasa mai dutse tana ba da layi mai kauri da haske, mai laka kuwa dishi-dishi. Tarwaɗa da kurungu da ke kwanciya a ƙasa suna da wuyar rabewa da ƙasar kanta, nan kam idon tsohon masunci ya fi na na'ura.

A ganina, kuma na san akwai waɗanda ba su yarda da ni ba, ribar da muka ci ba ta kifi ba ce, ta sanin ƙasan ruwa ce. An gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, Challawa kuma a 1992. Ruwa ya hau kan gonaki da itatuwa, kututturan da suka rage su ne ke yaga mana kalli shekara da shekaru. Yanzu duk wanda muka gani muna sa masa alama a GPS, mai shimfiɗa kalli ya kauce, mai mamari, wato igiya mai jerin ƙugiyoyi, kuma ya matso, tunda kifi na son irin wurin. Mun kuma bi tsohuwar hanyar kogi a ƙarƙashin ruwa. Wani gurbi da Baba Sarkin Ruwa ya ce da ƙuruciyarsa gora ba ta taɓa ƙasa, na'ura ta nuna laka ta cike shi. Ya daɗe yana kallon allon bai ce uffan ba.

Shi ne kuma ya kawo ƙorafin da kwamiti ya ɗauka da muhimmanci: in kowa ya san maɓoyar kifi, me za a bar wa na baya? Kwamiti ya tsayar cewa ba za a ba da na'urar ga mai amfani da taru, wato ragar ja, mai ƙananan ido ba, balle mai zuba guba, kuma ba za a bi kifi da ita wuraren da yake ƙwai a farkon damina ba. Wasu sun ce an takura musu. Babban taro ne zai tabbatar ko ya sauya.

Abubuwan da suka rage a gabanku su ne jadawalin karɓa-karɓa, domin 'yan Wasai sun ce na Tiga sun riƙe na'ura fiye da kwanakinsu, da shawarar sayen ƙaramin faifan sola na caji, da kuma wanda zai biya idan kunne ya fashe a hannun mutum. Duk wanda ɗaya daga cikin na'urorin biyu take wurinsa yanzu ya taho da ita ranar taro, haɗe da batir da maƙallin ƙarfen, a duba su a gaban kowa.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya,
Kano.