Kada gyaran shari'a ya fitar da ƴan kasuwa daga zauren kotu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina so in tofa albarkacin bakina kan batun gyaran shari'ar da ta shafi bashi, ciniki da diyya, domin mu da ke zaune a kasuwar Dole ta Damagaram abin ya fi shafa. Tambayar ita ce ko mutanen da ba alƙalai ba za su ci gaba da zama a irin wannan shari'a.

A Amurka, tun 1791 kundin tsarin mulki ya tabbatar wa mutum haƙƙin a tara talakawa ƴan'uwansa su saurari ƙararsa ta dukiya a kotunan tarayya. Kamfanoni da likitoci sun daɗe suna kukan cewa waɗannan masu taya alƙali hukunci suna yanka diyya mai nauyi, har jihar Tekzas ta ƙayyade a 2003 cewa diyyar raɗaɗin da za a ɗora wa likita ba za ta wuce dala 250,000 ba. Ingila kuwa ta kusan raba su da irin wannan shari'a gaba ɗaya.

Ciwonmu daban ne. Ban taɓa jin wanda ya yi arziki da diyyar kotu a garin nan ba. Abin da ke karya ɗan kasuwa shi ne ɗage zama, yau a ce gobe, gobe a ce bayan hutu, alhali jarinsa na kwance a hannun wani. Ni kaina na taɓa barin bashin buhunan wake saboda na lissafa cewa zirga-zirgar za ta cinye abin da nake bi.

Dokokin OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda Nijar ke cikinta tun yarjejeniyar 1993, sun tanadi gajeriyar hanyar tilasta biyan bashi, amma tana neman hujja a rubuce, mu kuwa yawancin cinikinmu da baki ake ƙulla shi, gaban dillali da shaidu biyu. A nan ne nake ganin amfanin tsarin kotun kasuwanci ta Yamai, wadda dokar 2015 ta kafa, inda ƴan kasuwa ke zama tare da alƙali. Wanda ya taɓa ba da kaya bashi zuwa kaka ya san abin da maganar dillali take nufi, zai kuma iya fahimtar da alƙali, kamar yadda masana al'ada ke haskaka wa alƙali a shari'ar gona da gado.

Roƙona ga hukumomi shi ne a ƙarfafa wannan tsari a Damagaram, a kuma sa wa kowace ƙarar bashi wa'adin da ba za a tsallake ba.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, unguwar Birni, Damagaram