Wasiƙa Zuwa ga Edita: A Daina Like Mazubin Injin Markaɗe da Walda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani abu da kusan kowane gida a garin Gombe ke cin abincin da ya bi ta cikinsa, amma ba safai ake ɗaga kai a dube shi ba. Ina nufin mazubin injin niƙa da na markaɗe, wato kwanon nan mai siffar mazurari da ke zaune a saman inji, inda ake juye dawa ko wake ko kayan miya kafin su gangara zuwa ga farantan niƙa. Na yi shekaru ina koyar da aikin ƙarfe a makarantar koyon sana'a kafin in yi ritaya, kuma da hannuna na koya wa yara yadda ake yanka wannan kwano, a lanƙwasa shi, a like shi da jikin inji, saboda haka idan akwai laifi a cikin abin da zan faɗa, ni ma ina da nawa kason.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne wani ɗan ƙaramin injin niƙa gahawa da ƙanena ya sayo da ya je Umra. Da ya kawo mini in gani, ban tsaya kan ƙyallinsa ba, na miƙa hannu kai tsaye ga mazubin, kamar yadda kowane mai sana'a zai yi. Na murɗa shi kaɗan, sai na ji ya saki, ya fito a hannuna ba tare da sifana ko sukundireba ba, daidai da yadda ake cire ƙwan lantarki mai fil biyu daga mazauninsa. A ƙasansa akwai 'yar ƙofa da ke rufe kanta idan an murɗa, don haka ƙwayoyin gahawar da ke ciki ko ɗaya ba ta zube ba. Da na danna makunnin alhali mazubin yana hannuna, injin ya ƙi tashi, domin akwai wani ɗan makunni a ɓoye wanda sai mazubin ya zauna daram ya danne shi kafin wuta ta wuce. Dalilin wannan ɗawainiya kuwa shi ne gahawa tana da maiƙo, maiƙon yana manne wa bangon mazubi ya tsufa ya yi ɗoyi, ya ɓata ɗanɗanon wadda za a niƙa gobe. Wato saboda ɗanɗanon abin sha na marmari kawai aka zauna aka yi wannan tunani, mu kuwa injin da ke markaɗa kunun jarirai da ƙullun ƙosan azumi mun bar mazubinsa a like har ranar da zai ruɓe.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin mai markaɗe da la'asar a watan azumi ya san abin da nake faɗa. Bokitai a jere tun daga bakin inji har bakin titi, wannan na wake, wannan na gero, wancan na tattasai da attaruhu, ga waken suya na masu awara, ga shinkafar masa. Idan aka gama na wani, mai inji zai ɗebi ruwa rabin kofi ya watsa a mazubi, ya shafa da tafin hannu iya inda hannun ya kai, ya ce a miƙo na gaba. Na ga wata yarinya ta rungume bokitin gasararta tana barin mutane suna wuce ta, saboda an gargaɗe ta a gida kada ta yarda a yi mata bayan na kayan miya, don kada koko ya yi yaji. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa inji yana riƙe saura, sai dai sun ɗauke shi matsalar ɗanɗano kurum.

Lamarin ya fi ƙarfin ɗanɗano. A mafi yawan injinan da ake ƙerawa a nan, ko dai an yi wa mazubi walda da maƙogwaron inji gaba ɗaya, ko an ɗaure shi da notuna huɗu waɗanda tsatsa ta riga ta cinye kawunansu, ta yadda ko mai injin ya yi niyyar kwancewa sai ya kira makaniki. A daidai mahaɗar nan, inda ido ba ya gani kuma hannu ba ya kaiwa, ƙullu yake taruwa ya kwana, ya yi tsami a cikin zafin Gombe, gobe ya saki kaɗan-kaɗan cikin na wani. A injin niƙan gari kuma tsohon gari ne ke maƙalewa a tsagar walda, ya sha laima da damina, ya yi funfuna, ƙwari su yi gida a ciki. Akwai nau'in funfunar da ke kama masara da gyaɗa wadda ke fitar da gubar da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta, kuma dafuwa irin ta gida ba ta kashe ta. A shekarar 2004 gurɓatacciyar masara mai ɗauke da ita ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya. Asalin wannan guba daga gona da rumbu take, ba daga inji ba, amma injin da ba ya wankuwa yana raba ragowar gurɓataccen hatsin gida ɗaya ga maƙwabta. Ga kuma batun ƙarfen kansa, domin sau da yawa da fallen baƙin ƙarfe ko tsohuwar ganga ake yin mazubi, a shafe shi da fentin mai ciki da waje don ya yi kyan gani a kasuwa. Ruwan tumatir da tsamin gasara suna cin fenti da ƙarfe, kuma wasu fentocin mai suna ɗauke da dalma. Mutanen arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan dalma tun bayan abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinare mai dalma, wanda ake niƙawa a tsakiyar ƙauyuka da injinan da aka ƙera don hatsi, ta kashe yara fiye da 400.

Siffar mazubin ma akwai gyara a cikinta. Maƙeranmu sun fi son mai kusurwa huɗu saboda ya fi sauƙin yankawa, ana fitar da ɓangarori huɗu daga falle ɗaya ba tare da asara mai yawa ba. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne cewa gangaren kusurwa, inda bango biyu suka haɗu, kullum ya fi na bangon kwantawa, shi ya sa a can kaya suke tsayawa. Wani injiniya mai suna Andrew Jenike, wanda ya yi aiki a Jami'ar Utah ta Amurka, ya wallafa bincikensa a 1964 kan yadda gari da hatsi ke gudana a cikin mazubi, inda ya nuna cewa tsayuwar bango da santsinsa da faɗin baki su ne ke sa kaya su sauka gaba ɗaya, ko su haɗe su yi gada a saman baki, ko su huda rami a tsakiya su bar gefe a tsaye. Mai niƙa bai san sunan wannan bawan Allah ba, amma ya san gadar, don ita ce ke sa shi zungurar jiƙaƙƙen wake da sanda, kuma ranar da sandar ta ɓace sai ya sa hannu. A ƙarƙashin bakin nan kuwa akwai sandar ƙarfe mai murɗiya da ke jan kaya zuwa faranti, wadda ba ta bambanta wake da yatsa. Cikin yaran da na koyar akwai wanda ya rasa gaɓoɓin yatsu biyu ta wannan hanya, a shagon da ya je taimako lokacin hutu.

Gyaran da nake nema bai fi ƙarfin mai walda na bakin titi ba. A yi wa maƙogwaron inji wuya mai zagaye wanda shi ne zai tsaya a like, mazubi kuma a yi masa nasa wuyan da zai zauna a kai, a riƙe su da maƙallai biyu irin na akwatin ƙarfe ko notuna masu kunne da ake murzawa da hannu. A tsakaninsu a sa zoben roba saboda ruwan markaɗe kada ya tsiyaya. A ƙasan mazubi a sa 'yar ƙofa mai zamewa kamar sakata, wadda za ta yi amfani biyu, domin da ita za a iya daidaita yawan abin da ke sauka, kuma idan wuta ta ɗauke ko mai ya ƙare ana tsakar aiki, a rufe ta a ɗauke mazubin a juye wa mai kaya kayansa ba tare da an yi ta kwasa da kofi ba. Shi kansa mazubin a yi shi zagaye, mai tsayayyen bango, a goge waldar ciki ta yi sumul, kada fenti ya taɓa cikinsa. Wanda ya samu hali ya yi shi da ƙarfe mara tsatsa irin mai lamba 304, wanda ke ɗauke da kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel, shi ne irin wanda masana'antun abinci ke amfani da shi. Idan mazubi ya zama abin cirewa, mai inji ɗaya yana iya mallakar guda biyu, ɗaya na kayan yaji, ɗaya na kunu, kuma da zarar an ɗauke shi maƙogwaron ya buɗe, buroshi ya samu hanyar shiga.

Na kai wannan magana ga wasu tsofaffin ɗalibaina masu walda, kuma ƙorafin da suka kawo ba na banza ba ne. Na farko sun ce girgizar inji za ta kwance duk abin da ba a like ba, wanda amsarsa ita ce maƙalli mai tsauri da zoben robar da zai shanye girgizar. Sun ce mai saye farashi kawai yake tambaya, kuma gaskiyarsu ne, amma mazubin da aka like idan ya huje sai an yanke shi da wuta, shi kuwa mai cirewa sabo kawai za a ɗora. Wani ma ya ce ɓarayin ƙarfe za su samu sauƙi, sai na ce abin da ake cirewa da hannu ai ana iya shiga da shi ɗaki a kulle.

Ƙorafin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na haɗari, domin da zarar an ɗauke mazubi, sandar murɗiya ta fito fili, kuma yaron shago mai gaggawa zai so ya wanke ta tana juyawa. Idan aka yi mazubin cirewa ba a magance wannan ba, gara a bar shi a like. A injin lantarki maganin shi ne ɗan makunni irin wanda na gani a injin gahawa. A ƙananan injinan fetur irin na Honda da kwaikwayonsu ma abin ba shi da wuya, domin makunnin kashe su yana aiki ne ta hanyar haɗa wayar koyil da jikin inji don fulogi ya rasa wuta, saboda haka ana iya jawo waya daga nan zuwa wani makunni a wuyan mazubi, wanda zai kashe injin da zarar an ɗaga. Injin dizal ne ba shi da fulogi, don haka shi sai an dogara da ƙarfe, a tsawaita wuyan da ke like, a gitta sanduna a cikinsa ta yadda wake zai wuce amma hannu ba zai kai ga murɗiya ba. Ya kamata in faɗa kuma cewa duk wannan ba zai hana ɓurɓushin ƙarfen da ke fita daga farantan niƙa ba, musamman idan an sabunta wasa su, domin sai kaya sun wuce mazubi suke isa gare su, kuma maganarsu ta isa wasiƙa mai zaman kanta.

Abin da mai walda ɗaya ba zai iya yi shi kaɗai ba shi ne daidaita awo. Ƙwan lantarki yana da amfani ne saboda wanda aka saya a Babbar Kasuwar Gombe zai shiga mazaunin da aka saya a Kano, kuma haka ya kamata wuyan mazubi ya zama, a tsayar da awo biyu ko uku, ƙarami da matsakaici da babba, kowa ya bi. Wannan aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ne, wato SON, tare da Cibiyar Ƙera Injinan Noma ta Ƙasa da ke Ilori. Kafin su motsa kuwa, muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a nan Gombe, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi da sashenta na injiniyan noma, inda ɗalibai ke ƙera injina a matsayin aikin kammala karatu. Da za a ba ɗalibi ɗaya wannan aiki, a zana awon a kan takarda mai girman gaske yadda za a shimfiɗa ta a kan falle a bi da alli, a raba wa ƙungiyoyin masu walda da na masu niƙa kyauta, da an yi abin da zai shiga Bolari da Pantami da Jekadafari cikin shekara ɗaya. Masu duba-gari ma idan sun je wurin mai markaɗe, maimakon su tsaya kan kwata da shara kaɗai, su ce a ɗaga mazubi su leƙa.

Ni da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibaina masu walda mun gwada ƙera guda a kan wani tsohon injin markaɗe mai amfani da fetur. Makunnin kashewa ya yi aiki tun gwajin farko, kuma da muka yanke tsohon mazubin mun kankaro busasshen ƙullu baƙi ƙirin daga mahaɗar wanda ya kusa cika gwangwanin madara. Inda muka tsaya shi ne zoben roba, domin wanda muka yanka daga tsohon tiyub yana yoyo idan ƙullu ya yi ruwa, kuma bai dace ya riƙa taɓa abinci ba. Idan cikin masu karanta jaridarka akwai wanda ya san inda ake samun zoben roba irin na kayan abinci a Gombe ko Bauchi ko Kano, ina roƙon ya rubuto ta wannan shafi.

Naka,
Tsohon malamin aikin ƙarfe,
Unguwar Jekadafari, Gombe.